Wiskonsin Da Minisota: Shin Ƙarfin Ƙungiya Shi Ne Jin Daɗin Ƙasa?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a sake ba ni ɗan filin nan da aka saba ba ni, domin makon nan ina so in tsoma baki cikin wata gardama wadda ta daɗe tana yawo tsakanin akawuna da malaman makaranta. Gardamar kuwa ita ce, shin ƙasar da ƙungiyoyin ma'aikata su ke da ƙarfi ta fi daɗin zama ga kowa da kowa, ko kuwa ƙungiya ba ta amfanin kowa sai 'ya'yanta, sauran talakawa su biya da harajinsu? Wannan ya ce ba don ƙungiya ba da tuni an mai da ma'aikaci bawa. Wancan ya ce ƙungiya ba ta san kome ba sai yaji da karɓar kuɗin wata. Kowa ya faɗi tasa a watse, ba wanda ya kawo shaida.

A nan Nijeriya ba mu da abin gwaji, gama tsarin mulki na 1999 ya sa sha'anin ƙwadago, da ƙungiyoyinsa, da yanka mafi ƙanƙantar albashi, duka a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma mai karatu zai tuna a shekarar 2021 an kawo wani ƙuduri a Majalisar Wakilai wai a ba kowace jiha ikon yanka nata mafi ƙanƙantar albashi, har Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi gangami zuwa ƙofar majalisa cikin watan Maris don ta nuna ba ta yarda ba. Maganar ta kwanta, amma irin wannan magana ba ta mutuwa, barci ta kan yi. Saboda haka na ga ya kyautu mu leƙa ƙasar da aka riga aka bar wa jihohi wannan iko, mu ga abin da ya haifa.

Amurka jiha 50 ce, kowace da Gwamnanta da majalisarta. A 1935 gwamnatin tarayyarsu ta yi dokar da ta ba ma'aikatan kamfanoni ikon kafa ƙungiya su yi ciniki da mai gida a kan lada, sa'an nan a 1947 aka yi wata doka ta rage wannan iko, ta kuma bar wa kowace jiha ta zaɓa ko za a iya tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiyar da ke wakiltarsa ko ba za a iya ba. Ma'aikatan gwamnatin jiha kuwa, watau akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu gyaran hanya, waɗannan dokoki ba su shafe su ba ko kaɗan. Abin da majalisar jiharsu ta ga dama, shi ne rabonsu.

To, can arewacin ƙasar, wajen manyan tafkuna, akwai jihohi biyu maƙwabta, Wiskonsin da Minisota, waɗanda kogin Misisifi da wani reshensa suka raba. In ka gan su sai ka ce Hasan da Husaini. Ƙidayar 2020 ta sami mutum miliyan 5.9 a Wiskonsin, miliyan 5.7 a Minisota. Asalin yawancin mutanensu Jamusawa ne da mutanen Norwe da Suwidin. Ƙasar sanyi ce mai tsanani, ruwa ya kan daskare watanni har a bi ta kansa da mota. Dukansu manoma ne masu kiwon shanun madara, Wiskonsin ba wadda ta kai ta yin cuku a Amurka, Minisota kuwa tana da tama da alkama da talotalo. Abin da ya sa na zaɓe su shi ne, har zuwa 2010 ƙarfin ƙungiyoyinsu kusan ɗaya ne, kana daga 2011 kowace ta kama hanyarta. Da wuya a sami gwaji mai kyau kamar wannan cikin sha'anin mulki, inda ba a iya sa mutane cikin kwalba a auna.

Abin mamaki, wadda ta karya ƙungiyoyinta ita ce uwar ƙungiyoyin. A birnin Milwoki na Wiskonsin ne, cikin watan Mayu 1886, sojan jiha suka buɗe wuta a kan ma'aikata masu tafiya suna neman a mai da aikin yini awa 8, suka kashe mutum 7. A 1911 Wiskonsin tana cikin jihohin farko da suka yi dokar biyan diyya ga wanda ya ji rauni a wurin aiki. A 1932 ita ce ta fara yin dokar ba wanda aikinsa ya ƙare ɗan abin da zai riƙe kansa kafin ya sami wani. A shekarar nan kuma waɗansu ma'aikatan gwamnati a Madisan, babban birnin jihar, suka kafa 'yar ƙungiyar da ta girma ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati na ƙasar duka. Sa'an nan a 1959, zamanin Gwamna Gaylord Nelson, Wiskonsin ta zama jiha ta farko da ta ba ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta ikon zama da hukuma su yi ciniki a kan albashi da sharuɗɗan aiki.

Minisota ma tana da nata tarihi. A 1934 direbobin manyan motoci na birnin Miniyafolis suka yi yajin da ya tsai da garin cik, 'yan sanda suka harbe biyu suka raunata fiye da 60 a rana ɗaya. Manoma da ma'aikata suna da jam'iyyarsu ta kansu har ta ci kujerar Gwamna, kana a 1944 ta haɗu da jam'iyyar Dimokurat, sunan manomi da ma'aikaci kuwa yana nan manne da sunan jam'iyyar a jihar. Kada a zaci kullum ƙungiya ke cin nasara a can. A yajin mahauta na kamfanin Hormel na 1985 zuwa 1986, Gwamna ɗan jam'iyyar ma'aikata ne da kansa ya tura soja, yajin ya karye, ɗaruruwa suka rasa aikinsu.

Zaɓen 2010 shi ya raba hanya. Lokacin duniya na cikin matsin tattalin arzikin da ya soma a 2008, baitulmalin jihohin nan biyu duk ya yi rami, na Wiskonsin kimanin dala biliyan 3.6, na Minisota fiye da biliyan 5. A Wiskonsin Scott Walker na jam'iyyar Rifablikan ya ci Gwamna, jam'iyyarsa kuma ta kama majalisa sama da ƙasa. A Minisota ma Rifablikan suka kama majalisun biyu, amma kujerar Gwamna ta kuɓuce musu, Mark Dayton ya ci ta da ƙuri'ar da ba ta kai 9,000 ba cikin fiye da miliyan 2, sai da aka sake ƙirga. Jama'a, ku dubi ikon Allah. Mutanen da ba su cika filin ƙwallo ba su ne suka sa Minisota ba ta bi sawun 'yar'uwarta ba.

Walker bai yi wata biyu a kan kujera ba ya kawo dokar da a ke kira Doka ta 10. Ina so akawuna da malamai su karanta wannan wuri a tsanake, domin dabarar da ke cikinta ta fi fushin da ke cikinta. Dokar ba ta ce an haramta ƙungiya ba. Cewa ta yi, ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ba ta da ikon ciniki a kan kome sai tushen albashi kaɗai. Batun awoyin aiki, da hutu, da yawan yara a aji, da hanyar ƙarin girma, da yadda za a sallami mutum, duk an fitar da su daga teburin. Tushen albashin ma ba za a ƙara shi fiye da yadda tsadar kaya ta ƙaru a shekarar ba, sai in an kai maganar gaban masu zaɓe sun yarda. Watau iyakar abin da ƙungiya za ta samo wa ɗanta shi ne ya tsaya inda ya ke jiya. Ta kuma hana hukuma cire kuɗin ƙungiya daga albashi, sai ƙungiya ta bi mutane ɗaya ɗaya tana roƙo. Sa'an nan kowace shekara sai an sake jefa ƙuri'a a kan ko ƙungiyar ta ci gaba da wakiltar ma'aikata, kuma sai ta sami kashi 51 cikin 100 na dukan ma'aikatan wurin, ba na waɗanda suka zo jefawa ba. Wanda ya yi zamansa a gida, ko yana jinya, ko ya manta, an lissafa shi cikin masu ƙi. Da za a yi wa Gwamna ko ɗan majalisa wannan awo, 'yan kaɗan ne za su kwana a kujerunsu.

Ban da wannan, an ɗora wa ma'aikaci biyan rabin kuɗin fanshonsa, wanda ya kama wajen kashi 5.8 cikin 100 na albashinsa a lokacin, da kashi 12.6 na kuɗin inshorar lafiyarsa. A Amurka asibiti ba kyauta ba ne, kuɗin inshora kuwa abu ne mai nauyi, saboda haka ma'aikaci ya wayi gari albashinsa a takarda yana nan yadda ya ke, abin da ya shigo hannu ya ragu. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana kaɗai aka keɓe, aka bar musu ikonsu cikakke. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa a jihar ba. Mutane suka cika ginin majalisa a Madisan suna kwana ciki makonni, wata rana taron ya kai wajen mutum 100,000 cikin sanyin nan nasu. 'Yan majalisar dattawa 14 na jam'iyyar Dimokurat suka sulale suka ƙetare iyaka zuwa jihar Ilinoi, domin doka mai taɓa kuɗi ba ta wucewa sai mutum 20 cikin 33 suna zaune, Rifablikan kuwa 19 ne. Suka yi mako uku a can. Sai abokan hamayyarsu suka cire sassan kuɗi daga dokar suka zartar da sauran ba da su ba, Gwamna ya sa hannu ran 11 ga Maris 2011. Ƙungiyoyi suka tara sa hannun mutum fiye da 900,000 don a yi wa Gwamna kiranye, aka yi zaɓe cikin Yuni 2012, ya sake ci da kashi 53. Wannan fa abin lura ne ga shugabannin ƙungiyoyinmu. Talakan da kamfaninsa ya rufe, ba shi da fansho ba shi da inshora, da aka ce masa harajinsa ne ke biya wa akawun gwamnati abin da shi ba shi da shi, sai ya ga maganar Gwamna ta kama hankali. Ƙungiyar da ta bar maƙwabcinta yana kallonta da wannan ido, ranar wuya ba mai fitowa dominta. A 2015 aka ƙara da dokar da masu sonta ke kira ta 'yancin yin aiki, wadda ta ba ma'aikacin kamfani damar ya ci amfanin cinikin ƙungiya bai biya ko anini ba.

Dabarar ta ci. A 2010 kashi 14 cikin 100 na ma'aikatan Wiskonsin 'yan ƙungiya ne, a 2015 sun koma kashi 8, a 2023 kashi 7 da 'yan kai. Babbar ƙungiyar malaman makaranta ta jihar, mai mutum kusan 98,000, cikin shekara biyar ba ta riƙe ko rabinsu ba. Minisota kuwa daga wajen kashi 15 ta ɗan sauko zuwa 13 ko 14, ta tsaya nan, duk da hukuncin Kotun Ƙoli ta Amurka na 2018 wanda ya hana tilasta wa kowane ma'aikacin gwamnati biyan kuɗin ƙungiya a ƙasar baki ɗaya.

Ita Minisota ta cike raminta ta wata hanya dabam. Bayan an yi ta ja-in-ja har ofisoshin gwamnati suka rufe kwana 20 cikin Yuli 2011, jam'iyyar Gwamna ta karɓe majalisa a 2012, a 2013 aka ɗaga harajin masu manyan kuɗi zuwa kashi 9.85, alhali na Wiskonsin yana 7.65. A 2014 aka ɗaga mafi ƙanƙantar lada, aka kuma ɗaura shi da tsadar kaya don ya riƙa hawa da kansa kowace shekara.

Yanzu sai mu zo ga awo. Walker ya yi alkawarin sababbin ayyuka 250,000 cikin shekara huɗu na farko, ya ce in aka sassauta wa masu kamfani haraji aka ɗaure ƙungiya za su yi ta tururuwa. Abin da aka samu wajen rabin haka ne. A 2017 aka yi bikin zuwan kamfanin Foxconn na ƙasar Taiwan, wanda ya ce zai zuba dala biliyan 10 ya ɗauki mutum 13,000, jiha kuma ta yi masa alkawarin rangwame na kusan biliyan 3. Aka tashi mutane daga gidajensu da gonakinsu, aka shimfiɗa hanyoyi. A 2021 aka sake rubuta yarjejeniyar, mutum 13,000 suka koma 1,454. Masu ƙungiya a Minisota kuwa suna cewa ku dubi jiharmu, mun fi su albashi, mun fi su tsawon rai, mun fi su ƙarancin talauci. Gaskiya ne sun fi. Abin da gida matsakaici ke samu a shekara a Minisota ya kai wajen dala 85,000 a 2023, a Wiskonsin wajen 75,000, mutumin Minisota kuma ya kan fi na Wiskonsin tsawon kwana da kimanin shekara guda.

Amma fa a nan ne mai son gaskiya zai ja linzami. A 2010, tun ba a yi Doka ta 10 ba, lissafin nan dala 55,000 ne da 49,000. Duk akawun da ya iya raba lamba zai ga tazarar kusan kashi ɗaya cikin takwas ce a da, kusan kashi ɗaya cikin takwas ce kuma bayan shekara 13. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Fiye da rabin mutanen Minisota suna zaune a tagwayen biranen Miniyafolis da Sen Pol da kewayensu, inda manyan kamfanoni irin su Target da 3M da General Mills su ke da hedkwata, ga asibitin Mayo a Rocesta wanda sarakuna da shugabannin duniya ke zuwa neman magani. Masu digiri sun fi yawa a can. Wiskonsin kuwa dogaronta ga masana'antu ne, takarda da injuna da babura, irin aikin da ya yi ta ƙaura zuwa ƙasashen da lada ke da araha. Masana'antar motoci ta General Motors a Janesbil, wadda ta ciyar da garin shekara kusan 90, ta tsaya a ƙarshen 2008, Walker bai hau ba tukuna. Saboda haka ni a ganina, wanda ya ce karya ƙungiya zai kawo arziki lissafi ya ƙaryata shi, gama Wiskonsin ba ta matso kusa da 'yar'uwarta ko taƙi ɗaya ba, Minisota kuwa da tsadar harajinta da ƙungiyoyinta kamfanoni ba su gudu sun bar ta ba. Wanda kuma ya ce ƙungiya ce ta azurta Minisota, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Inda bambancin ya fito fili shi ne can ƙasan tukunya, wurin waɗanda galibinsu ba 'yan kowace ƙungiya ba ne. A 2025 mafi ƙanƙantar ladan awa a Wiskonsin dala 7.25 ne, yadda ya ke tun 2009, a Minisota kuwa 11.13. Ga mai aikin awa 40, bambancin ya haura dala 150 a mako. Lalle masu karɓar 7.25 ɗin ba su da yawa, tun da ƙarancin ma'aikata ya sa masu shaguna suna biyan fiye da haka, amma abin da kasuwa ta bayar kasuwa na iya karɓewa. A 2023 majalisar Minisota, da rinjayen kujera ɗaya tak a majalisar dattawa, ta yi dokar ciyar da kowane ɗan makaranta karin kumallo da abincin rana kyauta, da dokar ba kowane ma'aikaci awa ɗaya ta hutun ciwo a kan kowace awa 30 da ya yi, da dokar hutun haihuwa da jinya mai albashi har mako 12, wadda aka sa ta soma aiki a farkon 2026. Mai wankin kwano a gidan abinci bai taɓa biyan kuɗin ƙungiya ba, amma ya ci wannan. Su wa suka bi gida gida lokacin zaɓe, suka cika zauren majalisa ranar muhawara? Ƙungiyoyin malamai ne da na ma'aikatan jinya da na magina. Wannan shi ne amfanin da ba ya fitowa a takardar albashi, shi ne kuma abin da Doka ta 10 ta fi kashewa, domin ƙungiyar da ba ta da kuɗi ba ta da murya ranar zaɓe. Waɗanda suka tsara dokar kuwa ba yara ba ne, sun san haka.

Akwai wani labari da zai yi wa malamanmu daɗi. Minisota ita ce ta fi kowace jiha yawan Somaliyawa, da yawansu kuwa suna aikin ɗaure kaya a babban sito na kamfanin Amazon a garin Shakofi. Injin ne ke ƙirga kayan da kowa ya ɗaure a awa, wanda ya tsaya salla lissafinsa ya faɗi, azumi kuma ya zo daidai lokacin da ciniki ya fi zafi. Ba su da ƙungiya irin wadda doka ta sani, sai wata cibiya mai suna Awood, watau ƙarfi da harshensu, wadda tsofaffin ƙungiyoyin jihar suka tallafa wa. A 2018 suka yi ta taruwa, mata masu lulluɓi a gaba, har manyan kamfanin suka zauna da su. A 2023 jiha ta yi doka cewa sai an ba ma'aikacin sito adadin da a ke nema gare shi a rubuce, kuma kada adadin ya hana shi cin abinci, ko kewayawa, ko ibada.

Kada in zalunci Walker. Kuɗin da aka ɗora wa ma'aikata ya sauƙaƙa wa ƙananan hukumomi da makarantu nauyi ƙwarai, asusun fanshon Wiskonsin kuma yana cikin mafi lafiya a Amurka, ba a bin tsoho bashin haƙƙinsa. Wata masaniya, Barbara Biasi, ta bi diddigin malaman jihar ta ga hukumomin makarantun da suka bar biyan albashi bisa daɗewa suka koma biya bisa ƙwazo sun jawo gwanayen malamai, yaransu kuma sun ƙaru. Amma gwanayen nan daga wani wuri aka ɗebo su, makarantar ƙauye da ba ta da kuɗin tayi ita ta yi asara. Ita da abokiyar bincikenta kuma sun ga wani abu, da aka bar kowane malami ya shiga ofis ya yi cinikin kansa shi kaɗai, sai albashin mata ya koma bayan na maza masu takarda iri ɗaya, abin da ba a gani sa'ad da jadawali ɗaya ke kan kowa. Jarrabawar ƙasa kuwa ba ta raba gardama ba, yaran jihohin biyu suna kusa da juna.

Minisota ma ba aljanna ba ce. A Miniyafolis ne ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd har ya mutu cikin Mayu 2020, ɗan sandan kuwa an sha kai ƙararsa fiye da sau 15 yana nan a bakin aiki, mutanen gari da yawa suka ɗora laifin a kan ƙungiyar 'yan sanda da irin kariyar da ta ke ba 'ya'yanta. Ƙungiya garkuwa ce, ba ta tambayar wanda ya fake a bayanta mai gaskiya ne ko azzalumi, sai in shugabanninta masu tsoron Allah ne. A 2022 kuma aka gurfanar da mutane da yawa kan sace wajen dala miliyan 250 na ciyar da yara lokacin annobar korona, a ƙarƙashin idon hukumar ilmi ta jihar. Baƙar fata a jihohin nan biyu, mai ƙungiya da maras ƙungiya, an bar su baya nesa wajen mallakar gida da karatun yara. Ƙarfin ƙungiya bai warkar da wannan ciwo a Miniyafolis ba, rauninta kuma bai warkar da shi a Milwoki ba.

A 2018 jihohin biyu kowace ta zaɓi tsohon malamin makaranta ya zama Gwamna, Tim Walz a Minisota, Tony Evers a Wiskonsin, shi ne ya kada Walker. Amma majalisar Wiskonsin ba ta sake hannu ba, saboda haka Doka ta 10 ta zauna daram, ko da ya ke an yi ta kai ta kotu, har Kotun Ƙoli ta jihar ta tabbatar da ita a 2014. Sai a Disamba 2024 wani alƙali a Madisan, Jacob Frost, ya rushe yawancinta, hujjarsa kuwa ita ce keɓewar nan da na ce a riƙe. Ya ce ba dalilin da hankali zai karɓa na a bar wa 'yan sandan gari ikon ciniki a hana wa 'yan sandan da ke gadin majalisa da masu tsaron daji, alhali duk aikin tsaro su ke yi. Majalisa ta ɗaukaka ƙara, aka dakatar da hukuncin. A can alƙalan Kotun Ƙoli ta jiha zaɓensu a ke yi kamar 'yan majalisa, shi ya sa da kujera ɗaya ta faɗi a Afrilu 2025 aka kashe wajen dala miliyan 100 a yaƙin neman ta, abin da ba a taɓa yi a kan kujerar alƙali ba a tarihin Amurka. Susan Crawford ce ta ci, lauyar da a dā ta tsaya wa ƙungiyar malaman Madisan a ƙarar da suka kai kan wannan doka.

Wassalam.